Mura Mai Zafi da Mai Hawan Jini: Yadda Za Ka Tsare Zuciya a Makon Farko

A daminar bara wani kawuna da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya kwanta da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Shekarunsa sun haura sittin, kuma ya daɗe da hawan jini, ko da yake shan maganinsa na ganin dama ne: in kai ya sara ya sha, in ya lafa ya ajiye. Da na je gaishe shi na ce, “Kawu, ku bari a kai ku asibiti mana.” Ya ce, “Mura ce kawai, ruwan sama ne ya dake ni.” Aka sayo masa ƙwayar mura da ta ciwon jiki a kemis. Bayan kwana uku ya ji dama-dama ya koma kasuwa, domin mota ta iso daga Arewa, albasa kuwa ba ta jiran mai ita a laimar Legas. Daren kwana na biyar, wajen ƙarfe biyu, matarsa ta kira ni. Ya kasa kwanciya, yana zaune a bakin gado yana haki, ƙafafunsa sun kumbura har sun ƙi shiga takalmi. A asibiti aka ce zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Ya kwana tara a gado. Allah ya yi da sauran kwana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk kwanakin nan biyar hancinsa da maƙogwaronsa muke kallo. Babu wanda ya tuna da zuciyarsa, har da ni.

Mura biyu ce, suna ɗaya muka ba su

A bakinmu duk abin da ya zo da majina da atishawa mura ne. Akwai ta yau da kullum, mai shigowa a hankali, ta toshe hanci, ta bar mutum yana harkarsa. Akwai kuma infuluwenza, wadda zan riƙa kira mura mai zafi. Ita ba ta sallama. Da hantsi kana lafiya, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ka, jiki na rawa, gaɓoɓi kamar an yi maka duka, ga busasshen tari, ga kasalar da ko buta ka ɗaga sai ka ji nauyinta. Kakanninmu sun san mafi muninta da sunan marisuwa, annobar da ta sauka a tashar jirgin ruwan Ikko, wato Legas, a watan Satumba na 1918, ta bi layin dogo har ƙasar Hausa. Danginta na nan suna zagaye duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara tana yi wa mutum miliyan 3 zuwa 5 mugun kamu, tana kashe tsakanin 290,000 da 650,000 ta hanyar matsalar numfashi kaɗai.

A Turai da sanyi take zuwa. A ƙasashen zafi irin tamu tana iya ɓulla kowane wata. A Legas kuwa hanyoyinta a buɗe suke: danfo cike maƙil an rufe tagogi saboda ruwa, ɗakin haya da mutum takwas ke kwana, sahun Juma'a, baƙin da ke sauka daga Arewa kullum, alhazan da suka dawo da tari.

To, ina ruwan mura da zuciya? Zazzaɓi yana ƙara wa zuciya gudu, kusan bugu 10 a minti kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru. A daidai lokacin huhu ya cunkushe, iskar da ke shiga jini ta ragu. An ƙara wa jaki kaya ke nan, an kuma rage masa harawa. Na biyu, yaƙin da jiki ke yi da ƙwayar cutar yana tayar da kumburi ko'ina, har cikin jijiyoyin jini. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda ya daɗe yana shan taba, sau da yawa akwai kitse da ya daskare a bangon jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa, yana nan lafe shekara da shekaru. Kumburin nan kan sa ɓawonsa ya tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jini ya taru a tsagar, ya zama guda, ya toshe hanya. Abin da ake kira bugun zuciya ke nan. In a jijiyar ƙwaƙwalwa ya faru, shanyewar ɓarin jiki. A wasu 'yan tsiraru kuma, har da matasa majiya ƙarfi, tsokar zuciyar kanta ce ke kumbura.

Wannan ba zato ba ne. A 2018 masu bincike a lardin Ontario na Kanada suka bi bayanan mutanen da gwaji ya tabbatar suna da mura mai zafi, suka ga haɗarin bugun zuciya ya ninka kusan sau 6 a kwana 7 na farko, daga nan ya sauka. A Amurka kuma aka duba manya sama da 80,000 da wannan mura ta kwantar a asibiti cikin shekara 8, aka tarar kusan mutum 1 cikin 8 ya gamu da matsalar zuciya ta gaggawa. Saboda haka duk matakan da ke tafe a kan makon nan na farko aka gina su.

Tun kafin ta zo: ka san wa za ka tsare

Ka zauna ka ƙirga mutanen gidanka da na shagonka. Wa ke da hawan jini? Wa ke da suga ko ciwon ƙoda? Wa aka taɓa ce wa zuciyarsa ta kumbura, ko ya taɓa samun shanyewar jiki? Wa ya kai shekara 65? Ka sa mai ciki a lissafi, ka sa mai jego. A kan mai jego ina so a tsaya. Akwai raunin zuciya da ke kama mace daga ƙarshen ciki zuwa 'yan watanni bayan haihuwa, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Hakinta da kumburin ƙafarta sau da yawa ana ɗora su a kan jego. In mura mai zafi ta tarar da irin wannan zuciya, ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar ƙari.

Wanda bai taɓa auna jininsa ba, ya auna a wannan makon. Hawan jini ba ya aiko da goron gayyata, da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Wanda kuma ke shan magani, a rubuta sunayen magungunan da adadinsu a takarda ɗaya, a ɗauki hotonta a waya. Gidan da ke da mai ciwon zuciya ya kamata ya mallaki ma'aunin zafin jiki da na'urar awon jini ta dantse, da sikeli in an ce zuciyar ta yi rauni.

Allurar riga-kafi

Akwai allurar wannan mura, kuma mutanenmu kaɗan ne suka san da ita in ban da maniyyata, waɗanda hukumomin Saudiyya ke shawarta su yi ta kafin Hajji. Ba ta cikin jerin alluran yara da gwamnati ke yi kyauta, don haka sai ka neme ta a asibitoci masu zaman kansu da manyan shagunan magani masu rajista. Kowace shekara ake sabunta ta domin ƙwayar cutar tana sauya kama, kuma tana ɗaukar kamar mako biyu kafin ta fara aiki. Mai tafiya Hajji, ko Umara, ko gida bikin Sallah, ya yi lissafi da haka.

Ga mai ciwon zuciya hujjarta tana da ƙarfi. A wani gwaji da aka jagoranta daga Suwidin, wanda sakamakonsa ya fito a 2021, an raba mutum sama da 2,500 da galibinsu ba su daɗe da samun bugun zuciya ba gida biyu. Cikin shekara guda, kashi 2.9 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar suka rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 4.9. Wani gwajin na 2022 ya fi kusa da mu, domin an yi shi a kan masu raunin zuciya sama da 5,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Shi bai nuna raguwar bugun zuciya da mutuwa a tsawon shekara gaba ɗaya ba, amma ciwon huhu ya ragu da kusan kashi 40, kwanciya asibiti da kashi 16, kuma a watannin da murar ke tashe mutuwa ma ta ragu. A ganina wannan ya isa dalili ga duk wanda likita ya ce zuciyarsa ta raunana.

In za a yi maka, ka duba ranar lalacewarta, ka tabbata daga firij aka fito da ita, domin tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta. Dantse zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Ba ta sa mura, kuma ba ta hana murar yau da kullum, kada ka ce ba ta yi aiki ba don ka yi atishawa. Mai ciki na iya yin ta. Wanda ke cikin zazzaɓi ya jira ya warke.

Ranar da zazzaɓi ya sauka

Ka rubuta ranar da lokacin. Daga nan ake ƙirga komai.

A Legas kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifod tun kafin a gwada, kuma gaskiya alamominsu na kama da juna. Don haka a fara da gwajin maleriya na ɗan yatsa, minti 20 ya isa. In ya nuna babu, kuma ga tari da ciwon maƙogwaro, ko wani a gidan ya riga ya kwanta da irin wannan, to hankali ya koma kan mura mai zafi ko korona. In mai ciwon yana cikin waɗanda ka ƙirga, ya ga likita a ranar ko kashegari, ba sai ya galabaita ba. Dalilin gaggawar shi ne akwai magani mai suna oseltamivir da ke yaƙar ƙwayar cutar kanta, ana shan sa sau biyu a rana kwana 5, kuma ya fi amfani in an fara cikin awa 48 na farko. Likita ne ke rubuta shi. Da shigarku ka faɗa masa kai tsaye: “Likita, Baba na da hawan jini da ciwon zuciya, jiya da la'asar zazzaɓin ya fara,” ka miƙa takardar magungunan.

A gaban kantar kemis

Nan ne muka yi kuskure da kawuna, kuma nan ne mafi yawan mutane ke yin sa.

Yawancin ƙwayoyin mura haɗi ne na magunguna uku ko huɗu a ƙwaya ɗaya. Ka juya kwalin ka karanta, ko ka sa a karanta maka. In ka ga pseudoephedrine ko phenylephrine, ka ajiye. Aikinsu matse jijiyoyin hanci don ya buɗe, amma ba a hanci kaɗai suke tsayawa ba, suna iya ɗaga jini su sa zuciya gudu. Wasu kuma har da kafin a ciki, sinadarin da ke cikin goro da kofi.

Sai masu kashe ciwon jiki, ibuprofen da diclofenac da danginsu, waɗanda 'yan dako da direbobi ke sha kamar gyaɗa. Suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna wahalar da ƙoda. Ga mai raunin zuciya su ne ke iya tura ruwan nan zuwa huhu. Haɗin da ake ƙullawa a farar leda babu suna babu kwali, wanda masu talla ke yawo da shi a tasha, kada ya shiga bakin mai ciwon zuciya ko kaɗan, tunda ba ka san me ke ciki ba.

Abin da ya fi aminci ga zazzaɓi da ciwon jiki shi ne farasitamol zalla: babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, tsakanin sha da sha aƙalla awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Mai ciwon hanta ko tsoho ramamme ya tambayi likita, domin nasa adadin bai kai haka ba. Kada a haɗa shi da ƙwayar mura, galibinsu da farasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba. Wanda ake jefawa a ruwa ya yi kumfa yana da sinadarin gishiri da yawa, a bar shi. Ga toshewar hanci, ɗigon ruwan gishiri na hanci ya wadatar.

Maganin antibayotik, irin kafso ɗin nan da ake saye ba takarda, ba ya taɓa bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo mura. Wasu daga cikinsu ma suna karo da magungunan zuciya, musamman mai tsinka jini irin warfarin. Yaro kuma da bai kai shekara 16 ba, ba a ba shi asfirin a zazzaɓin mura.

Na gida fa? Shayin citta da kanumfari da lemon tsami da ɗan zuma yana sanyaya maƙogwaro, ban ga laifinsa ba, sai dai mai suga ya kula da zumar, jaririn da bai shekara ba kuma ba a ba shi zuma. Abin da nake tsoro shi ne kanwa da gishiri. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce a jiki, saboda haka kunun kanwa ba abin mai hawan jini ba ne, balle mai jego mai haki. Farfesun da ake yi wa maras lafiya a rage masa gishiri da dunƙule, domin duk gishirin da babba ke bukata a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi. Sirace cikin bargo ga wanda numfashi ke yi wa wuya ƙarin wahala ne.

Gadin mako guda

Maganin hawan jini da na zuciya a ci gaba da sha kamar kullum. Mutane kan ajiye su wai kada magani ya yi yawa, alhali a makon nan aka fi bukatarsu. Togaciya ɗaya ce: in amai ko gudawa sun tsananta, ko mutum ya kasa shan ruwa, a kira likita a ranar, domin ƙwayar sa fitsari da wasu magungunan jini kan bukaci a dakatar da su na ɗan lokaci don kare ƙoda. Hukuncin likita ne, ba na gida ba.

Safe da yamma a auna zafin jiki da jini da bugawar zuciya, a rubuta a littafi. Mai raunin zuciya ya hau sikeli kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo. In nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ba ƙiba ba. A lura da filo nawa yake tadawa kafin ya iya barci. Jiya ɗaya, yau uku, magana ce babba.

Ruwa a sha a kai a kai, kaɗan-kaɗan. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa ya tambaya ko zai ƙara saboda zazzaɓi. In ciwon ya faɗo cikin azumi, Alƙur'ani ya yi wa maras lafiya rangwame ya rama daga baya, kuma wannan makon na cikin inda rangwamen ya dace. Goro, taba, shisha da lemon ƙarin kuzari su dakata. A buɗe taga, a fitar da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa daga ɗakin, janareto kuma ya yi nisa da ƙofa da taga.

In kuma wani ne a gidan ya fara kamuwa, to a raba shi da tsohon. Mai mura na yaɗa ta tun kwana guda kafin ta bayyana har kusan mako. Jikoki su gaida Kaka daga bakin ƙofa, a raba kofi da buta, mai jinya ya sa takunkumi ya yawaita wanke hannu da sabulu. Masu zuwa dubiya su yi addu'a su taƙaita zama.

Alamomin da ba a kwana da su

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, ko yana sauka hannu, ko yana hawa muƙamuƙi ko baya, musamman da gumi mai sanyi. Haki a zaune, ko kasa kwanciya a miƙe. Zuciya na fizga ba tsari tare da jiri, ko suma. Leɓe ko farce sun sauya launi. Ruɗewa ko barcin da ba a iya tayar da mutum. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Zazzaɓin da ya tafi ya dawo da tari mai muni. In akwai na'urar yatsa mai auna iskar jini kuma ta tsaya a 92 ko ƙasa, shi ma haka.

Mata da tsofaffi da masu suga sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin sosai. Nasu kan zo da tashin zuciya, zafi a saman ciki, gajiya mai kayar da mutum. Mu kuwa duk zafin da ke wannan wurin olsa muke ce masa, a kawo madara. A makon mura, ga mai hawan jini, ka ɗauke shi zuciya har sai awon zuciya na ECG ya wanke ta.

Lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 112 da 767. Ka kira, ka faɗi unguwa da layi da wata alama da kowa ya sani. Amma ka san garin da kake: gosulo na iya cinye awa biyu, tsokar zuciya kuwa tana mutuwa ne minti bayan minti. Saboda haka tun yau ka san asibitin da za ka nufa da motar wa za ka nema da tsakar dare. Na Agege suna da babban asibitin Orile-Agege da asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja. Na Idi-Araba da Mushin ga asibitin koyarwa na LUTH a ƙofar gida. Na Mile 12 da Ketu, Gbagada ko Ikorodu. Na Obalende, babban asibitin cikin tsibiri. Maras lafiya ya tafi a zaune a jingine, kada ya tuƙa kansa, kada a ɗora shi a acaɓa in akwai wata hanya. In alamar bugun zuciya ce, ma'aikacin lafiya na iya cewa ya tauna asfirin mai miligiram 300, muddin ba ya yi masa illa kuma ba ya zubar jini. In alamar shanyewar jiki ce, kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa, a riƙe lokacin da ta fara a faɗa wa likita.

Kuɗi ne ke sa da yawa jinkiri, na sani. Shirin inshorar lafiya na jihar, Ilera Eko, ya cancanci a je a yi tambaya a kansa tun ana lafiya, haka ma asusun taimakon juna na ƙungiyar kasuwa ko na masallaci.

Komawa bakin aiki

Rai dangin goro ne, in ji mutanen da, hutu yake so. Amma wanda ke ci daga abin da ya samo a yini, kalmar hutu tana yi masa nauyi, shi ya sa ba zan ce a kwanta wata guda ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada a fita sai zazzaɓi ya sauka awa 24 cur ba da taimakon farasitamol ba. Bayan nan ma, har makon farko ya cika, a zauna a shago a karɓi kuɗi, a bar wa yara sauke buhu, tura kurar ruwa da hawa gadar masu ƙafa da kaya a ka. Direban da ke jiran lodi a Apapa ya ba jikinsa kwana biyu kafin ya ɗauki hanyar Kano. Matashin da ya warke amma yana jin sukar ƙirji, ko haki a ɗan aikin da da ba ya gajiyar da shi, ya bar ƙwallo da ɗaga ƙarfe ya je a duba shi, domin in tsokar zuciya ce ta kumbura, hutun wata 3 zuwa 6 likitoci ke bayarwa.

Tari na iya jan mako biyu ko fiye, wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne. Amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya koma wurin likitansa cikin mako biyu da warkewa, da littafin nan na awo a hannunsa, a sake duba jini da ƙoda da magunguna. A wannan zaman ne kawuna ya tambayi inda ake allurar, aka rubuta masa a bayan katinsa, ya yi ta kafin damina ta kama.